MacBook Air ko MacBook Pro: Wace Ce Ta Dace da Haɗa Kiɗa?

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta MacBook Air mai M1 (na'urar sarrafa bayanai da ke cikinta), wadda Apple ya fitar a 2020, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da fanka, saboda haka ba ta yin ƙarar da makirufo zai ɗauka yayin naɗar murya a ƙaramin ɗaki. Tana jan manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Logic Pro cikin sauƙi muddin waƙar ba ta wuce murya, ganga da kayan kiɗa kaɗan ba.

Rauninta yana bayyana ne idan aka jibga mata sautuka da yawa na tsawon awanni, domin da zarar ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta, sauti ya fara yankewa a tsakiyar baiti, musamman a situdiyon da babu na'urar sanyaya ɗaki. MacBook Pro mai inci 14 ta 2021 ta fi nauyi da tsada, amma fankokinta suna ba ta damar jure irin wannan aiki.

A ganina, RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke amfani da ita yayin aiki, ita ce abin dubawa. Air mai M1 daga gigabait 8 ta fara, Pro ta 2021 kuwa daga 16, kuma a dukansu ba a iya ƙarawa bayan an saya.