Jakar goyon da na hau duwatsun Tula da ita

Tun wata uku da suka wuce na sayi wannan jaka mai cin lita 50 a hannun wani mai gwanjo a Gombe, amma sai makon jiya na samu damar gwada ta. Mu huɗu muka tashi ranar Asabar bayan sallar asuba, muka bi titin Yola ta Kumo da Billiri, a Kaltungo muka karkata muka fara hawa. A Wange muka bar mota, garin da ke da tsohon gidan yarin nan na zamanin Turawa, lokacin da Tula take hedikwatar Tangale-Waja. Daga nan sai ƙafa.

Na loda mata ruwa lita 4, kilo 4 ke nan tun ba a je ko'ina ba, ga tanti da bargo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli.

Inda jakar ta ci kuɗinta shi ne ɗamarar kugu. Faɗinta ya kai tafin hannu, da soso mai kauri a ciki. Da farko na bar ta tana reto, ba mu yi awa ɗaya ba kafaɗuna suka ɗau zafi. Na ce, "Yaya, wannan kaya zai karya ni." Ya tsayar da ni, ya zazzage jakar, ya mayar da gorunan ruwa jikin bayana, bargo a ƙasa. Sannan ya ɗaure ɗamarar daidai kan ƙashin kugu, ya ɗan sassauta igiyoyin kafaɗa. Nan take nauyin ya sauko ƙafafu. Haka muka ratsa gonakin da mutanen Tula suke jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa, ga santsin damina, amma ko sau ɗaya jakar ba ta rinjaye ni gefe ba.

Sai dai akwai abin da ya ɓata min rai. Mai gwanjon har da rantsuwa cewa ba ta shan ruwa. Da la'asar hadari ya taso, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, ruwa ya bi zif da ɗinkin ƙasa ya jiƙa bargona sharkaf. Wanda ya taɓa kwana a saman Tula ya san sanyin wurin da dare. Da rawar ɗari na kai asuba. Da ya faɗa min gaskiya, ai babbar leda ɗaya ta isa ta raba ni da wannan wahala. Zif ɗin aljihun gefe ma ya zame ranar Lahadi, mai gyaran takalmin unguwarmu ya gyara.

Duk da haka ba zan rabu da ita ba. Idan ruwa ya ɗauke muna shirin Dutsen Bima, can wajen Dadin Kowa, kuma ita zan goya, kayana duk a ƙulle cikin leda.