Daga Toronto: mai gyaran injin ɗumi sai da kati

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, a gaida su Inna da yara. Ka tambaye ni abubuwan da ke cin kuɗin mai gida a Kanada. Ɗaya daga cikinsu shi ne ɗumama gida. A Janairu akwai daren da sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, injin ɗumama gida kuwa in ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya fasa shi.

Injin yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yawanci da iskar gas yake aiki. A lardin Ontario ba mai taɓa shi sai wanda TSSA, hukumar da ke sa ido kan amincin aikin gas, ta ba wa shaida ta matakin G1 ko G2, kuma kamfaninsa ma sai ya yi rajista da ita. Mai G3 yaron shago ne, sai da maigida a kansa. Na AC kuma takardarsa daban, 313D ta gidajen zama. Ba abin kunya ba ne ka ce wa mutum ya nuna maka katinsa a bakin ƙofa. Zai ciro ba tare da ya ɓata rai ba. Gwada haka da mai gyaran AC na unguwarmu can gida, wanda kan zo da tukunyar gas ɗaure a bayan babur, kafin ya duba komai ya ce maka gas ne ya ƙare!

Na ƙwarai ana gane shi tun kafin ya faɗi farashi. Wanda ya sa mana sabon inji sai da ya zagaya gidan da awo, ya ƙirga tagogi, ya leƙa rufi, sannan ya faɗi girman da ya dace. Wani kuwa ta waya ya yanka mini kuɗi, gidan ma bai gani ba. Inji in ya fi ƙarfin gida, kunnawa da mutuwa zai yi ta yi, ya sha gas ya tsufa da wuri. Farashi, garanti, inshora, duk a rubuce ake karɓa.

Kada ka ɗauka babu 'yan damfara. Sun yi ta bin gidaje suna sa tsofaffi da baƙi irinmu hannu a takardar hayar inji ta shekaru, har gwamnatin lardin ta hana tallar waɗannan kaya ƙofa-ƙofa daga 1 ga Maris 2018.

Tsadar masu gyara a nan kam ba a magana, zuwa kawai kuɗi ne ko bai kwance ƙusa ɗaya ba. A nan na fi kewar masu gyaranmu, da za su farke inji su ɗinke shi da ɗan abin da ke hannunsu, a biya su bayan albashi. Amma in ma'aikaci a nan ya ga tsaga a cikin injin, jan kati zai rataya masa ya rufe gas nan take, ko ka roƙe shi da girman iyayensa. Hayaƙin da ke fita ta tsagar ba shi da wari, shi ne dai wanda ke kashe mutane a gida in an kwana da janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki. Shi ya sa doka ta tilasta sa na'urar ƙararrawa kusa da ɗakin barci a duk gidan da ke ƙona gas. Zan ba mai zuwa Kano guda biyu ya kawo maka kafin hunturu, ɗaya ka liƙa a ɗakin Inna.