Gargaɗi: N185,000 ya karɓa, har da kuɗin ajiye kwafin shafina kullum, babu kwafi ko ɗaya

Jama'a masu kasuwanci ta intanet, ku ji abin da wani mai sayar da hostin, wato wurin ajiye shafi a intanet, a nan Kano ya yi min. N185,000 na tura masa. Cikin kuɗin, N60,000 ya ce na ajiyar kwafi ne kaɗai, wai duk dare ana kwafe shafin gaba ɗaya a adana a wata sabar daban, wato babbar kwamfutar da ake ajiye shafuka a kanta. Yau shafin atamfa da leshina babu shi. Hotunan kaya, farashi, lambobin kwastomomi, odar da mutane suka biya ban kai musu ba, duk sun tafi.

Kada wani ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Ƙanin mijina ne ya haɗa mu, kuma har ofis na je, na ga allon sunansa, na ga yara biyu a gaban kwamfuta. Na tambaye shi baki da baki: idan sabar ta lalace fa? Ya juyo min da laftof ɗinsa, ya buɗe cPanel, wato inda ake sarrafa hostin, ya sa yatsa kan wani jerin kwafi mai kwanan wata, ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ko gobara aka yi kayanki na nan." Shi ne ma ya ba ni labarin gobarar kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, a Maris 2021, yadda wasu suka rasa komai saboda kwafinsu na wuri ɗaya da shafin. Ya ce shi ba ya irin wannan sakaci. Mutumin da ya san wannan, ya faɗa da bakinsa, wa zai zarge shi? Har yanzu ina ganin yatsan nan a kan allo. "Ko gobara aka yi." Wallahi haka ya ce.

Gab da Sallah shafin ya daina buɗewa, lokacin da oda ta fi yawa. A'a, tun kafin azumi ma ya taɓa ɗaukewa, ya ce gyara ake yi, ya dawo. Wannan karon da na matsa sai ya turo min wani fayil ta WhatsApp, wai kwafin ke nan. Na kai wa wani injiniya, ya buɗe a gabana: babu ma'ajiyar bayanan WordPress (manhajar da aka gina shafin da ita) a ciki, inda oda da sunayen kwastomomi suke zama, babu hoto ko guda. Buhu ne babu hatsi. Injiniyan ya ce mutumin dillali ne kawai, yana sayen fili a wurin wani kamfanin waje ya yanka mana, ya daina biya, aka rufe asusun aka goge. Jerin da mai hostin ɗin ya nuna min a ofis kuwa a kan sabar ɗin nan ɗaya yake. N60,000! Ga kuma sunan shafin, na .com.ng, ashe da sunansa ya yi rajista, ba nawa ba. Wannan ma yana cikin N185,000 ɗin.

Kunyar da nake sha wurin kwastomomi ta fi min ciwo. Wata baiwar Allah daga Zinder ta biya kuɗin leshi, ni ce nake roƙonta ta sake turo min abin da ta zaɓa.

Ina da rasit, ina da alat na banki, ina da muryarsa. Zan saka hotunan hirarmu duka da zarar lauya ya duba, kuma takardar ƙorafi za ta je EFCC.

Ku sauke kwafin shafinku da hannunku ku ajiye a Google Drive, ku sa a gwada mayar da shi a gabanku, rajistar sunan shafi kuma ta zama da sunanku. Shi kuwa yanzu wayarsa a kashe take, ofishin da kwaɗo, kuma ban yafe N185,000 ɗina ba.