Irin ganyen kwaɗo na lokacin sanyi: lansir, gasaya ko latas?

Idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk mai ɗan fili a bayan ɗaki ko bakin rijiya yana iya ci da ganyen hannunsa. Abin tambaya kawai wane iri zai saya. Ni dai lansir nake ba mutane shawara, ba kwana-kwana.

Lansir ɗan sanyi ne. Ba reno, ba dashe: ka gyara kwami, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka watsa iri, ka yayyafa ƙasa sama-sama. Cikin kwana 2 zuwa 4 ya tsiro, sati 2 zuwa 3 ka sa wuƙa. Idan ba ka yanke shi har ƙasa ba, yakan sake tohowa. Ɗanye ake cinsa, kuma ɗan yajin nan nasa mai hawa hanci shi ke tayar da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da man gyaɗa. Aibinsa ɗaya: da zafin Maris ya leƙo sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya ƙanƙance. Don haka kada ka zubar da irinka duka rana guda, riƙa watsa kaɗan-kaɗan duk sati biyu.

Gasaya tamu ce ta gado, a juji da bakin gona take fitowa da kanta, amma 'yar damina ce. Sanyi na daƙushe ta, sabon irinta yana da taurin tsiro, kuma sai an dafa an rage ɗaci. Latas kuwa reno, dashe, jiran wata biyu, ƙarshe ka tauna ruwa.

Inda ake cutar mutane wajen iri ne. Ƙwayar lansir ita ce algarif ɗin da masu kayan ƙamshi da maganin gargajiya ke sayarwa, ƙanana, ja-ja. Wanda ya shekara da shekaru a kwalba cikin rana zai iya yin magani, amma a kwami ba lallai ya tashi ba, kuma mai tebur ba zai gaya maka ba. An taɓa auna mini wanda aka cakuɗa da jan yashi, da rantsuwa har da "na bana ne, Alhaji". Zuba kaɗan a tafin hannu ka murza: yashi zai nuna kansa. Ɗiga masa ruwa, na gaske zai yi yauƙi cikin 'yan mintoci. Sai dai yauƙi ba shaidar rai ba ne, tsohon ma yana yi. Sayi cokali ɗaya tukuna, shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan kwana 3. In mafi yawa ba su fasa ba, kada ka koma wurin.

Na cikin leda mai hoto ma duba ranar da aka ɗura shi, don wasu na canza leda. In ka ga an rina ƙwayar da launi, magani ne aka shafa mata, na shuka ne kawai, a nisanta shi da yara da kaji. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne irin hannun mai lambun da ka ga kwaminsa da idonka bara.