Sabon littafi na biya, aka aiko mini da wanda wani ya cika da hashiya

Makonni bakwai na yi ina jiran littafin Tom Flanagan mai suna First Nations? Second Thoughts, kan 'yan asalin ƙasar Kanada, daga hannun dillalin nan na intanet da yawancinmu malaman jami'a muke odar littattafan waje a wurinsa, kuma duk wanda ya biya kuɗin jigila da dala a 'yan watannin nan ya san abin da ya fita daga aljihuna ba sai na faɗa ba. Bugu na biyu na 2008 na nema, sabo fil, haka ma aka rubuta a rasit. Da na yage kwalin sai na tarar da bugu na farko na 2000, bangonsa ya nannaɗe, ga tabon gindin kofi a kan sunan marubucin, cikinsa kuma wani ya bi shi da koren biro shafi bayan shafi. Na rubuta musu a daren. Bayan kwana tara suka amsa cewa in mayar da shi da kuɗina, in ya isa za su duba, alhali kuɗin mayarwar ya fi na littafin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na jefa shi saman kabad na bar shi nan mako biyu.

Abin da ya sa na nemi littafin tun farko shi ne darasin da nake koyarwa kan mallakar ƙasa da sarautun gargajiya, kuma ina son ɗalibaina su ji hujjar masu ra'ayin riƙau daga bakin wanda ya iya kafa ta. Flanagan ɗan Amurka ne da ya koma Kanada a 1968 ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Calgary, ya yi suna da bincikensa kan Louis Riel, jagoran boren al'ummar Métis a Kanada a ƙarni na 19, sannan ya tsunduma cikin siyasa: ya yi wa jam'iyyar Reform ta Preston Manning aiki, ya jagoranci yaƙin neman zaɓen da ya bai wa Stephen Harper shugabancin jam'iyya, ya riƙe wa jam'iyyar Conservative yaƙin zaɓen ƙasa na 2004 da suka faɗi, yana kuma cikin masu ba da shawara a wanda ya kai Harper kujerar firaminista a 2006. A 2012 ya jagoranci na jam'iyyar Wildrose a lardin Alberta, inda aka yi ta hasashen nasara amma suka tashi da kujeru 17 cikin 87. Alƙalaminsa na mai shirya yaƙin zaɓe ne, ya san inda zai soka kuma ba ya ɓata lokaci wajen lallashi.

Da lokacin darasin ya matso, dole ta sa na sauko da littafin, kuma a nan ne lissafina ya sauya. Mai koren biron, ko wane ne, ba ɓarna ya yi ba. Hashiya ya rubuta irin wadda muke gani a gefen tsofaffin littattafan malamanmu na zaure, sai dai shi jayayya yake yi da matanin maimakon ya yi masa hidima. Littafin martani ne ga rahoton 1996 na hukumar da gwamnatin Kanada ta kafa kan al'amuran 'yan asalin ƙasa, kuma Flanagan ya ɗauki ginshiƙan tunanin da ke cikinsa yana rushe su ɗaya bayan ɗaya. Yana ganin 'yan asalin ƙasar su ma baƙi ne da suka riga kowa isowa, cewa Turawa sun yi musu nisa a fasaha da tsarin mulki lokacin da suka haɗu, kuma cewa ƙananan gwamnatocin ƙabilu da ke rayuwa da kuɗin tarayya kan zama wurin fifita dangi. A wannan batu na ƙarshe na sami kaina ina gyaɗa kai, domin duk wanda ya ga yadda ake kasafta kuɗin ƙananan hukumomi a wurinmu ba zai ce mutumin zuƙi ta malle yake yi ba. Mai hashiyar ma bai musa ba, layi kawai ya ja a ƙarƙashi ya wuce.

Inda suka kama da gaske shi ne batun filaye. A ƙarƙashin dokar Kanada ta 1876 mai suna Indian Act da har yau take aiki, filayen da aka keɓe wa ƙabilu suna hannun gwamnati ne a matsayin amana, don haka mazaunin wurin ba ya iya jinginar da gidansa a banki kamar sauran 'yan ƙasa, kuma Flanagan na ganin mallakar kai tsaye ce hanyar fita daga talauci. A gefen wannan shafin mai biron ya rubuta 1887 kawai, ya zagaye ta sau uku har takardar ta kusa hujewa. Shekarar dokar Dawes ce a Amurka, wadda ta yayyanka filayen ƙabilu ta raba wa ɗaiɗaiku, aka wayi gari a 1934 eka miliyan 138 ta koma kusan miliyan 48. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi huɗu. Adalci ne a faɗi cewa a littafin da Flanagan ya fitar da abokan aikinsa a 2010 ya sassauta, ya ce tsarin ya zama na ganin dama kuma asalin mallakar ya koma hannun ƙabilar, amma a wannan bugun ban ga damuwar da ta kai girman haɗarin ba. Babin da ya yi shakkar tarihin baka a gaban kotu shi ne ya fi sosa mini rai, ni da na san rabin iyakokin gonakin garinmu a kan dattawa suke ba a takarda ba, kuma Kotun Ƙolin Kanada ta riga ta amince da irin wannan shaida a shari'ar Delgamuukw ta 1997.

A wannan gaɓar na yafe wa dillalin, har na fara gaya wa abokan aiki cewa littafi biyu na samu a kuɗin ɗaya. Sai da na kai babin ƙarshe, inda marubucin ya kamata ya ɗaure zancensa, na ga an yage ganye huɗu daga tushe, kuma ba zai yiwu wanda ya naɗe kayan ya ce bai ji ɗaurin littafin ya saki a hannunsa ba. Na sake rubuta musu da hotuna, yau kwana goma sha ɗaya shiru. Littafin ya cancanci karatu ko da mutum zai yi ta faɗa da shi, ɗalibaina kuma sun yi muhawarar da ban taɓa gani ba a ajin, amma ƙarshen hujjar sai da na roƙi wani tsohon ɗalibina da ke Edmonton ta Kanada ya ɗauko mini hotonsa da waya daga laburare. Wannan dillalin kuwa ya ga kuɗina na ƙarshe.