Ƙarin tsayin inci biyu da sabbin tayoyi a kan Hilux: abin da hanyoyin Gombe suka nuna min

Tun da na ƙara wa Hilux ɗina tsayi na sauya mata tayoyi, masu a-kori-kura ke tsayar da ni a gidan mai da bakin kasuwa, kuma kusan tambayarsu ɗaya ce: inci nawa ka ɗaga ta? Da wuya ka ji wanda ya tambayi irin sifirin ɗin da na sa, ko lambar da ke rubuce a jikin tayar, alhali a nan aikin yake. Motar ta ga rani, ta ga damina, ta yi jigilar kaka da waɗannan kaya, saboda haka ina da abin da zan faɗa wa mai niyya kafin ya zuba kuɗinsa.

Motar Vigo ce, ƙirar da Toyota ta yi daga 2004 zuwa 2015, mai gida biyu, injin fetur 2.7, da giyar ogzilari, wadda ke sa tayoyi huɗu duka su ja. Ba motar yawo ba ce. Taki da iri take kaiwa gona ta wajen Dadin Kowa da Deba, ta dawo da shinkafa da masara zuwa Tudun Hatsi, wani lokaci kuma ta hau da mu Tula ta Kaltungo idan hidimar dangi ta taso. Mafi yawan tafiyar a kan kwalta ake yinta, sai a sauka burji, sannan a shiga baƙar lakar nan ta kwarin Gongola wadda ke tsattsagewa da rani, ruwa na zuba kuma ta riƙe taya gam. Tarakta na bi ta bar kwari biyu da tudu a tsakiya, wannan tudun shi ke dukan cikin mota. Ga sifirin na baya ya gaji saboda shekaru da lodi, har idan aka jera buhuna motar kan ɗaga hanci sama, fitila tana haska rassan bishiya maimakon hanya.

Akwai abu ɗaya da masu sayar da kayan ɗagawa ba sa saurin faɗa, kuma ina so kowa ya riƙe shi. A bayan Hilux aksul ne guda miƙaƙƙe, da tulunsa a tsakiya, sifirin yana zaune a kansa. Idan ka ɗaga mota, bodi da shasi ne suka yi sama. Tulun nan yana nan inda yake, tazararsa da ƙasa ba ta ƙaru ko da milimita ɗaya ba. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tawa ta zo da 265/65R17, tsayinta kusan milimita 776. Na koma 265/70R17, mai kusan milimita 803. Bambancin milimita 27 ne, rabinsa ne kawai ke shiga ƙarƙashin tulun, wato kamar milimita 13. A takarda ba wani abu ba ne, amma a kan tudun tarakta sau da yawa shi ne tsakanin wucewa da zama. Amfanin ɗagawar daban yake: bamba ta daina shaƙar ƙasa a gangaren rafi, tsakiyar mota ta daina dukan tudu, baya ya daina durƙushewa da kaya, kuma taya ta samu wurin motsi.

Hanyoyi uku na ɗaga mota aka nuna min. Ta farko ita ce mai araha, a ɗora wani faifan ƙarfe ko na roba mai tauri a saman shokozoba na gaba, a baya kuma a sa dogon shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi, ko a cusa bulo tsakanin sifirin da aksul. Mota za ta yi tsayi a ido, amma sifirin ɗin da ya gaji yana nan a gajiye, kuma idan ƙafar gaba ta faɗa rami faifan kan sa ta miƙe fiye da ƙima, bol-join, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta, ya sha wahala. Ta biyu ita ce wadda muka saba da ita a garejinmu, a kwance sifirin a bubbuga shi ya koma lanƙwasarsa, a ƙara masa falle ɗaya ko biyu. Ban raina wannan aikin ba, ya rufa wa mutane da yawa asiri, sai dai ƙarfen da ya riga ya gaji ba ya daɗewa yake sake kwanciya, kuma da wuya hagu da dama su zo daidai. Ta uku ita ce cikakken saiti: sifirin na murɗe da shokozoba a gaba, sabon sifirin na falle da shokozoba a baya, da bushin da kusoshin da ke ɗaure sifirin a aksul. Sunayen da suka yi fice a wannan fanni yawancinsu na Ostiraliya ne, irin su Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, sai Bilstein na Jamus a ɓangaren shokozoba. Ba abin mamaki ba ne, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin burji da zafi dole ta ƙware a nan. Na ɗauki cikakken saiti na inci biyu, wato milimita 50, aka turo min daga Legas, domin ko a Ƙofar Ruwa ta Kano sai ka yi da gaske kafin ka samu saitin da ya cika.

Inda na fi amfana shi ne wurin bakaniken da ya yi aikin, dattijo ne da ya daɗe yana taɓa motocin ƙungiyoyi masu shiga ƙauyuka. Kafin a yi oda ya zaunar da ni a kan benci ya ce, "Alhaji, kada ka faɗa min lodin ranar kaka. Faɗa min abin da ke bayan motar nan ranar da ba ka zuwa ko'ina." Na ce masa, "Malam, jarkokin ruwa da injin ban-ruwa da 'yan buhuna ba sa sauka." Ya ce to, mai ɗaukar kilo 300 a kullum zan saya. Su waɗannan kamfanoni suna rarraba sifirin na baya ne bisa nauyin da ke zaune a mota koyaushe: akwai na mara kaya, akwai na kilo 300, akwai na 500 zuwa sama. Na gaba ma haka, ya danganta da ko akwai bambar ƙarfe da injin janye mota. Wanda ya sayi mafi ƙarfi don kawai ya ji an ce ya fi, alhali motarsa fanko take yawo a Jekadafari da Pantami, bayansa ne zai biya kuɗin. Ni kaina, da na kilo 300 ɗin, ranar da aka sauke komai ina jin kowane gargada a ƙugu. Da an jefa buhun taki huɗu ko biyar sai ta kwanta lumui, kamar dokin da ya ji mahayi ya hau. Wannan shi ne babban abin yabon saitin, kuma shi ne babban aibinsa.

Me ya sa ban wuce inci biyu ba? Gaban Hilux ƙafafu ne masu zaman kansu, kowace da shaf ɗinta mai kai mata ƙarfi. Gwargwadon ɗagawa, gwargwadon karkacewar shaf ɗin, robar da ke rufe gaɓarsa ta riƙa gogar kanta har ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Daga inci uku kuma sai ka nemi sabbin hannuwan sama, wato ƙarafan da ke riƙe ƙafar gaba ta sama, kafin alaimen ya zauna. Kashe kuɗi ne da ke jawo wani kashe kuɗin, a garin da idan abu ya lalace sai an jira motar Legas.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida. Na tsaya na ga dattijon ya hana yaronsa ɗaure kusoshin bushin mota tana kan jak, ya ce sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Ya duba tiyon birki na baya ko ya miƙe da yawa. Ya gyara sandar wani bawul da ke saman aksul, wanda ke auna nauyin kaya ya daidaita ƙarfin birkin baya a Vigo marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Idan aka ɗaga mota ba a taɓa shi ba, sai ya ɗauka kullum fanko take, birkin baya ya yi sanyi. Da na fara jin wata 'yar karkarwa wajen tashi daga tsaye, ya sa ɗan faifai a mariƙin tsakiyar farfela, wato dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi aksul na baya, karkarwar ta ɓace. Aka yi alaimen, aka saita fitilu, ya kuma ce in dawo bayan 'yan tafiye-tafiye a sake matse kusoshin sifirin. Na dawo, kuma lallai sun ɗan saki.

A kan taya na fi daɗewa ina shawara, kuma ita na fi so a yi wa tunani. Matasa suna son mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa M/T, saboda kwarjini. A cikin laka ta fi, babu musu, domin tana watsar da caɓin da ta ɗebo. Amma a hanyar Gombe zuwa Bauchi za ta cika maka kunne da gurnani, ta cinye da wuri a kan kwalta mai zafi, kuma idan an yi ruwa ba ta kama titi yadda ya kamata. Na zaɓi A/T, mai tsaka-tsakin haƙori, irin ajin su BFGoodrich KO2, Yokohama Geolandar da Bridgestone Dueler A/T. Abin da na nace a kai shi ne haruffan LT a gaban lambar, wato taya mai kaurin jiki da aka yi don kaya. Tsohuwar tana da lambar nauyi 112, ma'ana kilo 1,120 kowace ɗaya. Sabuwar 121 ce, kilo 1,450. Ba don in ƙara lodi ba, domin birki da aksul da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma buhun masara goma mai kilo 100 ya riga ya kai tan guda, iyakar abin da ya dace da irin motar nan ke nan, koma ya ɗan haura. Saboda ƙaya na nace. Wanda ya taɓa shiga gona bayan girbi ya san kututturen dawa da ƙayar aduwa, a gefen taya suke shiga, wurin da mai faci ba shi da dabara. Tun da na sa waɗannan, ƙusa ce kawai ta taɓa kai ni wurin mai faci, a tsakiyar tafin tayar, aka toshe na wuce.

Gaskiyar da zan faɗa kuma ita ce a cikin baƙar laka bayan ruwan Agusta, A/T tana cika ta zama sulɓi, ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Rage iska yana taimakawa, haka ma a yashin rafi, amma akwai ranakun da hanyar gonata sai tarakta, kuma babu tayar da za ta canza wannan. Idan ka rage iskar, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Taya mara isasshiyar iska ga lodi ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke taɓa digiri 40, ita ce ke fashewa a guje. Na sayi ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota da geji nawa na kaina saboda wannan.

Game da saye, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, wasu kuma sun daɗe a sito kafin su iso hannunka. Ka durƙusa ka nemi rubutun DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta. A wani shago an fito min da guda huɗu masu sheƙi, an goge su da mai, da na duba sai na ga biyu sun girmi sauran da shekaru, na bar su. Tayar gwanjo kuwa, wadda ma doka ta hana shigowa da ita, ban ga dalilin da mutum zai kashe maƙudan kuɗi a sifirin sannan ya ɗora iyalinsa a kanta ba. Kuma biyar za ka saya, har da safaya, domin idan ogzilari na ciki tayoyi masu bambancin tsayi suna wahalar da giya.

Sauran abin da ya canza a zaman yau da kullum ba shi da yawa, amma akwai. Mai ya ƙaru, ba sosai ba, sai dai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 babu ƙarin da ba a ji a aljihu. Tayar ta fi nauyi, motar ta ɗan rage zafin tashi, a hawan Tula ina saukowa giya da wuri fiye da da. Allon gudu yana nuna ƙasa da yadda ya saba da kusan kashi uku cikin ɗari, wato idan ya ce 100 ka ƙara uku a ranka. Idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe tayar tana ɗan shafar robar madigadi, sai da aka yanke mata kaɗan. A kwana kuma ina rage gudu, domin mota mai tsayi da kaya a sama ta fi saurin karkata. Sannan akwai goggona, wadda ranar da za mu biki ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da zanenta ta ce, "Ɗan nan, wannan kuma sai da tsani?" Na sa an ɗaura matakala a gefe saboda ita da sauran tsofaffi. Yaran da ke loda buhuna ma sun ce bayan ya yi musu nisa.

Ga manomi ko ɗan kasuwar hatsi mai shiga Nafada, Dukku ko ƙauyukan Balanga da kaya, wanda sifirinsa ya riga ya kwanta, ina ba da shawarar cikakken saitin inci biyu ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya zaɓi ƙarfin sifirin bisa nauyin da ke motarsa kullum. Wanda kuɗinsa bai kai duka biyun ba, ya fara da tayoyin LT masu sabuwar lamba da shokozoba masu kyau, ɗagawar ta jira kaka mai zuwa. Wanda kuma motarsa ba ta sauka daga kwalta tsakanin Gombe da Bauchi, ya bar ta a tsayin da ta zo da shi, ya sa mata tayar titi.