Sharhi kan jadawalin Novice 1 ga mai shirin gudun fanfalaki na farko daga Sakkwato

Novice 1 jadawalin atisaye ne na makonni 18 wanda Hal Higdon, tsohon ɗan tsere kuma marubucin wasanni a Amurka, ya tsara wa wanda bai taɓa yin gudun fanfalaki na kilomita 42.195 ba. Kyauta ake samunsa a shafinsa na intanet. Da shi na yi shiri a nan Sakkwato na shiga tseren Legas, kuma ina ba duk mai farawa shawarar ya bi shi. Yana gina ƙafa yadda ya kamata. Sai dai maganar zafi da ruwa da ƙura, mutumin Sakkwato shi zai ƙaro wa kansa, domin ba a yanayinmu aka rubuta shi ba.

Gudu sau huɗu ne a mako: Talata, Laraba, Alhamis, sai dogon gudu ranar Asabar. Litinin da Juma'a hutu, wanda ya yi mana daidai saboda masallaci. Lahadi kuma wani motsa jiki ne daban, kamar tuƙa keke ko tafiya da sauri. Da mil aka rubuta shi, kowane mil kilomita 1.6 ne, don haka ka zauna ka mayar da shi kilomita tun ranar farko. Makon farko kilomita 5 sau uku ne da kilomita 10 ranar Asabar. A mako na 8 akwai rabin tsere, wato kilomita 21. Mako na 15 shi ne mafi nauyi: 8, 16, 8, sannan 32, jimla kilomita 64. Daga nan sai sassauci, dogon gudu ya koma 19, ya koma 13, sai ranar tsere.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ja da baya duk bayan mako biyu na ƙari. Dogon gudu ya tashi 10, ya tashi 11, sai ya sauko 8. Mai farawa yakan ga kamar ɓata lokaci ne, alhali huhu da zuciya sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa. Mutum zai ji numfashinsa ya isa, amma ƙwaurinsa da agararsa ba su kai ba, kuma nan ciwon ƙwauri da na gwiwa ke samo asali. Babu atisayen sauri ko ɗaya a ciki, kuma haka ya dace. Ma'aunin saurin dogon gudu shi ne ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Amma fa wanda ba ya iya gudun kilomita 5 ba tsayawa bai isa shiga makon farko ba, sai ya yi wata biyu yana haɗa gudu da tafiya tukuna. Mai hawan jini, mai sikila da mai ciwon zuciya su fara da ganin likita.

Tseren Legas, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yinsa. In ka ƙirga makonni 18 baya, za ka faɗo cikin Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke, rana ta dawo da ƙarfi, sauro kuma bai tafi ba. Duk wanda zazzaɓi ya kwantar, kada ya yi gudu da zafin jiki, kada kuma ya ce zai rama kilomitocin da suka wuce shi. Ya warke, ya maimaita makon da ya tsaya a kai, ya ci gaba.

Makonnin masu nauyi suna faɗowa ne a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, kuma nan ne babbar matsalar take ɓuya. Da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 15, iska a bushe, gumi na fita yana bushewa nan take. Gudu zai yi daɗi, riga ba za ta jiƙe ba, mutum ya ɗauka ya gama shiri. Legas kuwa a bakin teku take, iskarta cike da laima. Gumi ba ya bushewa, in kuwa bai bushe ba bai sanyaya jiki ba, sai zuciya ta ƙara bugu don ta tura jini zuwa fata. Saurin da ka saba yi cikin sauƙi a gida, can sai ya cinye ka tun kafin kilomita 25. Mu mutanen Sakkwato muna da alfaharin cewa babu zafin da ba mu sani ba, tunda muna rayuwa cikin digiri 40 da ɗoriya a Afrilu da Mayu. Wannan zafin daban ne, kuma jikin da ya yi wata uku yana gudu cikin sanyin asuba bai saba da shi ba.

Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Saboda haka a makonni ukun ƙarshe, mayar da biyu daga cikin gajerun gudun zuwa bayan la'asar, a hankali ƙwarai, da ƙarin riga a sama don gumi ya tsaya a jiki. In ka ji jiri, ko tsikar jiki tana tashi cikin zafi, ko kanka ya fara ruɗewa, tsaya ka nemi inuwa. Ranar tsere kuma ka ƙara daƙiƙa 20 zuwa 30 a kan kowace kilomita bisa abin da ka saba. Wanda ya riƙe minti 7 a kilomita zai gama cikin awa 4 da minti 55, kuma wannan lokaci ne mai kyau ga tseren farko.

Ruwa kuma a gwada, kada a yi kintace. Hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta fita, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya ka san yawan guminka. Yawancin mutane suna buƙatar mililita 400 zuwa 800 a awa, wato ledar fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ƙishirwa ba ta cika damun mutum a hunturu ba, shi ya sa ake dawowa gida da ciwon kai da fitsari ja. Yawan shan zallan ruwa ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini har ya kai ga suma. A gudun da ya wuce awa biyu, jiƙa ƙullin gishiri da sukari na kemis ɗaya cikin lita ɗaya, ka riƙa sha tsakanin ruwa.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 32. Nan ne ƙafa ke yin nauyi, mutum ya koma tafiya. Maganinsa a fara ci tun minti 40 na farko, giram 30 zuwa 60 na sukari kowace awa. Ba sai an sayi kayan zaƙi na 'yan tsere masu tsada ba. Ƙaramin dabino ɗaya yana da wajen giram 5, don haka guda uku ko huɗu duk rabin awa sun wadatar. A cire ƙwallon, a zaɓi mai laushi, domin busasshe ba ya taunuwa ana haki. A daren dogon gudu, tuwon shinkafa ko dafa-duka ba yaji da yawa. Da safe, koko da burodi awa biyu kafin fita. Ƙosai, wake da fura da nono a bar su sai an dawo, ciki ba ya ɗaukarsu ana gudu. Kuma don Allah a guji shan diclofenac ko ibuprofen kafin tsere don kashe ciwo, suna cutar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa.

A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7. Wanda ya fita bayan sallar asuba zai yi kusan awa guda cikin duhu da hazo, don haka farar riga da 'yar tocila dole ne. Bi gefen hagu, kana fuskantar motoci da 'yan kabu-kabu. Gajerun gudu sun yi a kewayen filin wasa na Giginya. Dogon gudu kuwa hanyar jami'a ta Kwalkwalawa ta fi mini hanyoyin bayan gari, inda manyan motocin siminti ke tayar da ƙura. Na fi son a zaɓi zagaye na kilomita 6 zuwa 8 a riƙa maimaitawa, a ajiye ruwa wurin mai shayi, maimakon a nausa daji, saboda ruwa da kuma tsaro. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hangen nesa, ɗaga gudun zuwa washegari, musamman ga mai asma. Ka kuma nemi duk wani ɗan tudu ka riƙa hawa, domin hanyar Legas ta shekarun baya tana tashi daga filin wasa na Surulere, ta bi gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 babu inuwa, ta ƙare a Eko Atlantic. Ana iya sauya hanyar, sai a duba ta shekarar da za a shiga.

Jadawalin gaba ɗaya ya haura kilomita 700, takalmin gudu kuma yakan mutu tsakanin 500 da 800. Kambas na gwanjo ya riga ya ci rabin ransa ko da samansa na sheƙi. Lanƙwasa shi ka danna ƙasan, in ya taurare ko ya yi tamoji, bar shi. Sayi wanda ya bar faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa tana kumbura, farce ya yi baƙi. Takalmin ranar tsere ya zama wanda ya riga ya yi dogon gudu biyu ko uku. Faso na hunturu yana tsagewa ya yi jini a kan hanya, saboda haka man kaɗanya a diddige kowane dare. Basilin a cinya, hammata da kan nono kafin fita. Dogon wando ko hijabi ba sa hana gudu, muddin yadin mara nauyi ne wanda ba ya riƙe gumi kamar auduga.

Tsakanin Sakkwato da Legas tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Mai zuwa da mota ya isa kwana uku ko huɗu kafin ranar tsere, ƙafa ta saki, ya karɓi lambarsa, ya ɗan yi kilomita 3 ya ɗanɗana iskar. Sannan a duba kalanda kafin a yi rajista. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya fara a farkon Maris a 2025, don haka a 'yan shekarun nan yana shigowa Fabrairu, daga baya kuma zai shiga Janairu, daidai kan makon kilomita 32. Gajerun gudu za a iya yinsu bayan tarawihi, amma dogon gudu na awa uku da rabi da bakin azumi ban yarda da shi ga kowa ba. In lissafin ya ci karo, a nemi wani tseren a wani wata, a ƙirga makonni 18 baya daga ranarsa.